Batir, kebul ko rijiya: wace na'ura za a dasa a ƙarƙashin teku don sa ido kan girgizar ƙasa?

Mafi yawan manyan girgizar ƙasa masu tayar da igiyar tsunami a ƙarƙashin teku suke farawa, a wuraren da faifan ɓawon ƙasa ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin wani. Na'urorin aunawa kuwa kusan dukkansu a tudu suke. Japan ta ɗanɗana kuɗar wannan giɓi ranar 11 ga Maris, 2011. Minti uku bayan fara girgizar, hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta ƙiyasta ƙarfinta a maki 7.9, ta yi gargaɗin igiyar mita 6 a Miyagi da mita 3 a Iwate da Fukushima. Ashe girgizar maki 9.0 ce, kuma a bakin kwarin teku na Japan ƙasa ta zame kimanin mita 50. Duk wannan ya faru ne nesa da gaɓa, inda babu isassun na'urorin da za su aiko da labari nan take.

Yau duk ƙasa ko cibiyar binciken da ke son toshe irin wannan giɓi tana da hanyoyi huɗu: na'ura mai batir da ake jefawa a ɗauko bayan shekara, tashoshin da aka jona da kebul zuwa gaɓa, na'urorin da ake binnewa a cikin rijiyar da aka haƙa a ƙasan teku, sai kuma aron zaren gilashin kebul ɗin intanet. Ba ɗaya ce ta fi ɗaya a komai ba, kuma tsadar hanya ba ita ke nuna ta dace ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ruwan gishiri ba ya barin siginar rediyo ko ta GPS ta ratsa. Saboda haka wuta, da lokaci, da hanyar fito da bayanai, ko dai kebul ya kawo su, ko na'urar ta sauka da kayanta. Daga nan tambayoyi biyu suka fito, kuma su ya kamata a amsa kafin a buɗe maganar kasafi. Bayanan nan cikin daƙiƙoƙi ake bukatarsu, ko za a iya jira shekara? Sannan me ake so a ji: ƙananan girgiza, ko dogayen igiyoyin girgiza da ke zuwa daga nesa, ko zamewar da dutse ke yi a ɓoye ba tare da ya girgiza kowa ba?

Na'ura mai batir

Ita ce ake kira OBS, kuma da ita kusan kowa ke farawa. Ginin ta ba shi da rikitarwa: ma'aunin girgiza mai fuska uku (ɗaya ta tsaye, biyu na gefe) a kan wani mazauni da ke daidaita kansa, ma'aunin matsin ruwa, akwatin naɗar bayanai da agogonsa, batiran litiyam, ƙwallayen gilashi ko kumfa mai tauri don ta iya tasowa, anga ta ƙarfe ko kankare, da makullin da ke buɗewa idan ya ji umarnin sauti daga jirgi. Yawancinsu an ƙera su don zurfin da ya kai mita 6,000, kuma batirinsu yakan ɗauki shekara guda ko sama da haka kaɗan.

Wajen dasawa, ana saita agogon da GPS a kan jirgi, a gwada makullin, a sake ta a ruwa. Tana nutsewa kimanin mita 1 a daƙiƙa, wato zurfin mita 4,000 zai ci fiye da awa guda, kuma kafin ta isa ruwa yakan ja ta ɗaruruwan mitoci daga inda aka sake ta. Shi ya sa jirgin ke zagaya wurin yana aika sauti yana auna nisa, har a san ainihin inda ta zauna. Wanda ya tsallake wannan mataki don ya rage awannin jirgi, duk girgizar da na'urar ta naɗa za a sa ta a gurbin da ba nata ba. Ranar ɗaukowa ana aika umarni, wutar lantarki ta cinye wata siririyar waya, anga ta zauna a ƙasa, na'urar ta taso da tutarta da fitila da ƙaramin rediyo. Abu na farko da ake yi da ta hau jirgi shi ne gwada agogonta da GPS, tun kafin batir ya mutu.

Matsalolinta sanannu ne. Babba a cikinsu ita ce karkata. Na'urar a kan laka mai taushi take zaune, ruwan da ke gudana a ƙasan teku yana tura ta. Ma'aunin girgiza ba ya bambance karkata da motsin ƙasa na gefe, domin da ya karkata sai ya ji jan nauyin duniya. Karkatar da ba ta wuce milimita 1 a tsawon kilomita 1 ba tana haifar da siginar ƙarya da ta ninka hayaniyar tasha mai kyau ta tudu sau dubbai, a ɓangaren dogayen igiyoyi. Sakamakon haka fuskoki biyu na gefe sukan zama marasa amfani ga mai neman igiyoyin da ke ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 100. Fuskar tsaye ana iya tsabtace ta da lissafi: a cire abin da ya zubo mata daga karkata, a kuma yi amfani da ma'aunin matsin ruwa a cire lotsawar da dogayen raƙuman teku ke sa ƙasa ta yi. Kada a sayi na'urar da ba ta da wannan ma'auni na matsi don a rage kuɗi, musamman idan ruwan ba shi da zurfi sosai.

Sai agogo. Agogon cikin na'ura yakan kauce daga ɗan ɓangaren daƙiƙa zuwa daƙiƙoƙi kaɗan a shekara, kuma kaucewar ba a miƙe take tafiya ba, domin sanyin ƙasan teku da tsufan agogon suna canza ta. Igiyar farko ta girgiza tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa a cikin dutse, don haka kuskuren rabin daƙiƙa daidai yake da kilomita 3. Ƙananan agogunan atom sun rage wannan ciwon kai, amma suna shan batir fiye da na gargajiya. Ba a kuma san inda na'urar ta fuskanta ba tunda juyawa take yi tana sauka, sai an jira manyan girgiza daga nesa an lissafo arewa daga gare su. A ƙarshe akwai asara ɗungurungum: makulli ya ƙi buɗewa, laka ta riƙe ƙafafu, ƙwallon gilashi ya fashe ya fasa na kusa da shi, ko tarun jiragen kamun kifi ya kwashe ta. A aikin Cascadia na gaɓar yammacin Amurka, daga 2011 zuwa 2015, an yi amfani da na'urori 70, kuma waɗanda aka sa a ruwan da bai kai mita 1,000 ba an yi wa da yawansu rufi mai gangara don taru ya zame ta kansu.

Duk da haka babu abin da ya kai ta sauƙin kuɗi a kan kowace tasha, kuma ana iya kwashe ta a kai wani wuri baɗi. Aibinta guda da ba shi da magani shi ne ba za ta gargaɗi kowa ba. Ko ta lalace a mako na biyu, sai ranar ɗaukowa za a sani.

Binnewa da haƙa rijiya ba abu ɗaya ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa zurfafa na'ura koyaushe yana ƙara mata shiru. An gwada wannan a fili a 1998, a wani wuri mai suna OSN-1, kimanin kilomita 225 kudu maso yammacin tsibirin Oahu na Hawai, a zurfin ruwa kusan mita 4,400. An ajiye ma'auni ɗaya a kan laka, an binne na biyu a cikin lakar daf da sama, an zura na uku cikin rijiya fiye da mita 240, a cikin dutsen da ke ƙarƙashin lakar. Aka bar su watanni suna naɗar girgiza iri ɗaya.

Na kan laka shi ya fi kowa hayaniya. Na binne ya yi fice a dogayen igiyoyi, domin da zarar ruwa ya daina taɓa jikin na'ura, karkata ta ragu matuƙa. Na rijiya kuma ya yi nasara a gajerun igiyoyi, saboda laka mai kauri tana riƙe girgiza ta yi ta maimaita ta, ta dagula sigina, shi kuwa yana ƙarƙashin wannan ruɗani. A dogayen igiyoyi na gefe bai yi abin da aka zata ba, kuma an danganta hakan da yadda aka girka shi.

Darasin yana da amfani ga aljihu. Idan buƙatar ita ce ma'aunin girgiza mai shiru kawai, binne shi cikin laka kimanin mita 1 da butum-butumin nitso yana ba da kaso mai tsoka na ribar, ba tare da an kira jirgin haƙa ba. Rijiya tana biyan kuɗinta ne a wani fanni daban, za mu zo kansa.

Kebul zuwa gaɓa

Kebul yana kashe matsaloli uku lokaci guda: wuta daga gaɓa take zuwa, agogo na GPS ne daga tashar tudu, bayanai kuma suna isa nan take. Cibiyar da Amurka ta shimfiɗa daga Pacific City a jihar Oregon, mai tsawon kusan kilomita 900, tana tura wuta mai ƙarfin bolt 10,000, kuma ita ta sa masana suka bi aman wutar dutsen Axial na ƙarƙashin teku a watan Afrilun 2015 daga ofisoshinsu. Kanada tana da NEPTUNE, zobe mai fiye da kilomita 800 daga Port Alberni, tun 2009.

Amma wanda zai zaɓi tsarin kebul, Japan ya kamata ya duba, domin ta gina iri biyu mabambanta, kuma an ga halin kowanne.

S-net, wadda aka shimfiɗa bayan 2011 daga gaɓar Hokkaido zuwa Chiba, tana da tashoshi 150 a kan kebul na kusan kilomita 5,500, an raba shi kashi shida. Kowace tasha tulun ƙarfe ne mai siffar bututu da aka haɗa cikin kebul ɗin tun daga masana'anta. Jirgin shimfiɗa kebul yana tafiya yana sakin su kamar yadda ake shimfiɗa na sadarwa, kuma a ruwan da bai kai mita 1,500 ba ana binne su da garma don gudun taru da anga. Kowane kashi yana da baki biyu a tudu, ta yadda in ya tsinke a tsakiya bayanai za su ci gaba da fita ta ɓangarorin biyu. Saurin aiki shi ne ribar wannan tsari. Farashinsa kuwa, ban da yen fiye da biliyan 30 da aka kashe, shi ne ingancin zaman na'ura. Bututun da ke kwance a kan laka yana iya mirginawa idan girgiza ta yi ƙarfi, an kuma ga hakan a bayanan S-net. Mirginawa tana shiga ma'auni tamkar motsin ƙasa, ta kumbura ƙiyasin ƙarfin girgiza. Sai da aka tanadi hanyoyin tace irin wannan kafin hukumar yanayi ta shigar da bayanan cikin gargaɗin gaggawa na jama'a a 2019. Kuma idan ma'auni ɗaya ya mutu, ba a canza shi sai an ɗago kebul an yanke.

DONET, a yankin Nankai na kudu maso yammacin Japan, hanya ta biyu ta bi. Babban kebul yana kai wuta da zaren gilashi zuwa wasu cibiyoyin rarrabawa masu soket da ake iya jonawa a cikin ruwa. Daga kowace cibiya butum-butumin nitso yana jan siririn kebul na kimanin kilomita 10 zuwa tasha, ya sa ma'aunin girgiza cikin wani bututu da aka riga aka nutsa a laka, ya cike gefensa, ya ajiye ma'aunin matsin ruwa a kusa. Kashi na farko, a tekun Kumano, ya kammala a 2011, na biyu a 2016, jimillar tashoshi 51, tazarar kilomita 15 zuwa 20 a tsakaninsu. Aikin ya fi jinkiri, kowace tasha tana cin ranakun jirgi, kuma soket ɗin cikin ruwa wuri ne da lalacewa kan fara. Amma siginar ta fi tsabta, ana cire abin da ya mutu a sa sabo, kuma soket ɗin da aka bari babu kowa su ne daga baya aka jona rijiyoyi a kansu. N-net, mai tashoshi 36 daga gaɓar Kochi zuwa tekun Hyuga, wadda aka kammala a 2025, ta ɗauki tsarin S-net ta kuma bar wuraren reshe don ƙari a gaba. A ganinmu wannan shi ne tsarin da sabon mai gini ya kamata ya fara dubawa.

Nawa ake samu na lokaci? Idan girgiza ta fara kilomita 150 daga gaɓa, igiyar farko za ta yi fiye da daƙiƙa 20 kafin ta isa tashar tudu. Tashar da ke saman inda ta fara ta riga ta ji. An ƙiyasta S-net tana iya gaggauta gano girgiza da har daƙiƙa 30, tsunami kuma da har minti 20, kuma tun 2017 ake amfani da bayananta wajen tsayar da jiragen ƙasa masu gudun tsiya na gabashin Japan. Ma'aunin matsi shi ne jigon gargaɗin tsunami: a ruwa mai zurfin mita 4,000 igiyar tana gudun kusan kilomita 700 a awa, kuma ma'aunin da ke ƙasa yana jin ƙarin nauyin ruwa ko da na santimita kaɗan ne.

Akwai tsaka-tsaki, irin tsarin DART na Amurka, inda ma'aunin matsi ke aika sauti zuwa wani tulu mai yawo a saman ruwa, shi kuma ya tura ta tauraron ɗan Adam. Yana da amfani ga tsunami mai zuwa daga nesa. Rauninsa tulun ne: guguwa, tsatsa, masunta masu ɗaure jirgi a jikinsa. Lokacin bala'in Palu a 2018, hukumomin Indonesiya sun bayyana cewa tulunansu sun daina aiki tun 2012.

Rijiya a ƙasan teku

An fara rufe bakin rijiyar bincike a bar na'urori a ciki a 1991, a tudun Juan de Fuca da ke ƙasan tekun Fasifik, da wani tsari da ake kira CORK. Dalilin rufewar shi ne zuciyar al'amarin. Dutse da lakar da ke ƙarƙashin teku cike suke da ruwa a ƙananan ramukansu. Idan faifan ƙasa ya matse dutsen, matsin wannan ruwa yana hawa, idan ya sake shi yana sauka. Matsuwar kashi ɗaya cikin miliyan tana ba da canjin matsi na kilofaskal kaɗan, abin da ma'auni mai kyau ke gani ƙarara. Rijiyar da aka rufe da kyau ta mayar da dutsen kansa ma'auni. Wadda ke yoyo kuwa matsin teku kawai take nunawa.

Ma'aunin matsi da ke zaune a kan laka shi ma yana iya ganin ƙasa ta ɗaga. A gaɓar Hikurangi ta Niyu Zilan, a 2014, irin waɗannan ma'aunai sun ga ƙasan teku ya tashi santimita 1.5 zuwa 5.4 cikin makonni. Sai dai teku da kansa yana hawa da sauka da santimitoci saboda iska da gudanar ruwa, ma'aunin kuma yana kaucewa da kansa a hankali, wani lokaci fiye da abin da ake nema. A rijiya ana ajiye ma'auni ɗaya a bakin, sauran a ciki, a cire na bakin daga na ciki, hayaniyar teku ta fita, abin da dutse ya yi ya rage.

A Nankai aka fi ganin amfanin wannan. Jirgin haƙa na Japan, Chikyu, ya girka cikakkiyar tasha a rijiyar C0002 a Disambar 2010, a zurfin ruwa kusan mita 1,900, na'urorin suna kusan mita 900 a ƙarƙashin laka: ma'aunin matsuwar dutse, ma'aunin karkata, ma'aunan girgiza iri-iri, bututun matsin ruwa a matakai daban-daban, da jerin ma'aunan zafi. An jona ta da DONET a farkon 2013, aka ƙara C0010 a 2016 da C0006 a 2018. Daga bayanan matsin ruwa na 2011 zuwa 2016 aka gano zamewa takwas a ɓangaren tsagin (inda faifai biyu ke gogayya) da ke kusa da kwarin teku, kowace tana ɗaukar kwanaki zuwa makonni, tana matsar da dutse santimita 1 zuwa 4, tana dawowa duk wata 8 zuwa 15. An ƙiyasta suna sauke kashi 30 zuwa 55 cikin 100 na motsin faifan a wurin. Tashoshin GPS na tudu ba su ga wannan ba. Ga yankin da ya girgiza a 1944 da 1946, kuma ake jiran ya sake, sanin wane ɓangare ke zamewa da wane ke ɗaure ba ƙaramin abu ba ne.

Girkawar ita ce wahala. Ana dasa mazurarin ƙarfe a bakin don a iya komawa cikin ramin, a haƙa, a zura bututun ƙarfe, a bar ɓangare mai huji a inda ake son jin matsin ruwa, a sa robobi masu kumbura su raba matakai, a zura jerin na'urorin, sannan a tura siminti ya haɗe su da dutse. Duk mai haƙar rijiyar burtsatse ya san cewa in siminti bai kama bayan bututu ba, ruwan sama zai bi gefe ya gauraya da na ƙasa. Nan ma haka ne, sai dai ramin yana ƙarƙashin ruwa kilomita biyu, kuma babu mai gyara shi bayan siminti ya daskare. In an bar ruwa a buɗe kewaye da ma'aunin girgiza, bambancin zafi yakan sa ruwan ya riƙa juyawa a cikin ramin, ya zama hayaniya. In an zuba siminti, an samu shiru, amma na'urar ta zama ta dutse har abada, ranar da ta mutu shi ke nan. Don haka ake ninka ma'aunai, ake kuma barin duk abin da za a iya bari a bakin rijiya, musamman ma'aunan matsi, inda butum-butumi zai iya canza su.

Ko saukar da kayan ma haɗari ne. Ruwan Kuroshio da ke ratsa Nankai yana da ƙarfin da ke sa bututun haƙa ya yi ta kaɗawa. A gwajin da aka yi a 2009 wannan kaɗawa ta lalata na'urori tun ba su shiga rami ba. A 2010 sai aka ɗaura igiyoyi a jikin bututun don su karya juyin ruwan, jirgin kuma ya bi ruwa a hankali zuwa bakin rijiyar. Bayan an gama, ruwan sanyin da haƙa ya tura cikin dutse yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, kafin zafi da matsi su koma yadda suke. Bayanan farko ba abin dogaro ba ne.

Rijiya ba sai da kebul ba. Bayan girgizar 2011, Chikyu ya haƙa a ruwa mai zurfin kusan mita 6,900, ya ratsa tsagin da ya zame, aka rataya ma'aunan zafi 55 a 2012, aka ɗauko su bayan wata 9. Sun nuna ragowar zafin gogayya na digiri 0.31, wanda ya tabbatar da cewa tsagin yana da santsi ƙwarai, abin da ya taimaka wajen fahimtar yadda aka yi zamewar mita 50. A Hikurangi ma an girka rijiyoyi biyu a 2018 masu aiki da batir, ana zuwa da butum-butumi a kwashi bayanai. Ilimi ne mai daraja, amma ba gargaɗi ba ne. Kuma jiragen da ke iya wannan aiki ƙalilan ne: JOIDES Resolution, wanda ya girka yawancin rijiyoyin CORK, ya daina aikin a 2024.

Aron zaren intanet

Ana jona wata na'ura a bakin zaren gilashi a tudu, ta riƙa harba hasken leza tana karanta ɗan abin da ya dawo, sai kowane 'yan mitoci na zaren su zama ma'auni. A 2018 an gwada a Monterey ta Kaliforniya, kilomita 20 na kebul suka zama wuraren aunawa kusan 10,000, aka naɗi girgiza mai maki 3.4. Babu jirgi, babu nitso. Iyakarta: ba ta wuce kilomita 50 zuwa 100 ko na'urar ƙarfafa sigina ta farko, motsin da ya bi tsawon zaren kawai take ji, inda kebul ke lilo bai taɓa ƙasa ba siginar banza ce, girgiza mai ƙarfi tana iya cika ta, kuma bayanan suna cika faifai da sauri. Ɗaya hanyar ita ce a sa ma'aunan girgiza da matsi da zafi a jikin sabon kebul ɗin sadarwa tun ana ƙera shi, kamar yadda Fotugal ta tsara wa zoben da zai haɗa ta da tsibiran Azores da Madeira. A nan kamfanin sadarwa ne ke zaɓen hanya, kuma shi gudun wuraren haɗari yake yi, alhali can masani ke son zuwa.

To, wanne?

Ƙasar da ke da birane a gaban tsagin da ke iya tayar da tsunami cikin minti 10 zuwa 30, kebul ne kawai amsarta, da baki biyu a tudu, da ma'aunin matsi a kowace tasha. Kafin a sa hannu a kwangila a tabbatar akwai kuɗin gudanarwa na shekara 20 zuwa 25 da yarjejeniya da jirgin gyara. Kebul yana tsinkewa, kuma sau da yawa abin da ake son aunawa ne ke tsinka shi: girgizar Grand Banks ta gaɓar Kanada a 1929 ta tayar da zaftarewar laka da ta yanke kebul 12, ta kudancin Taiwan a Disambar 2006 ta yi irin wannan ɓarna.

Wanda bai san inda girgizar yankinsa ke fitowa ba, kada ya fara da kebul, balle rijiya. Ya jefa na'urori masu batir 20 zuwa 40, ya maimaita shekara biyu, ya zana taswirar tsage-tsagen da ke motsi da kwazazzaban da laka ke bi. Wannan taswira ce za ta nuna inda kebul zai bi da inda zai kauce wa. Rijiya ita ce ta ƙarshe a jeri, kuma hujjarta ɗaya ce mai ƙarfi: ana son ganin zamewar ɓoye da matsin ruwa a jikin tsagin kansa. In haka ne, a haƙa ta inda reshen kebul zai iya kaiwa.

Gaɓar Afirka ta Yamma tana rukuni na biyu, na masu farawa da na'urori masu batir. Babu faifan da ke nutsewa a mashigin Gini, amma manyan tsage-tsagen tsakiyar Atlantika, Romanche da Chain, sun miƙo zuwa wannan gaɓa, kuma Akara, babban birnin Gana, ta girgiza a Yunin 1939 har aka rasa rayuka 17. Daga 2016 zuwa 2017 wani aikin bincike ya ajiye na'urori masu batir 39 a tsakiyar tekun, suka naɗi girgizar Romanche mai maki 7.1 ta Agustan 2016. Haɗarin da ya fi taɓa mutanen yankin kai tsaye shi ne zaftarewar laka: a Janairun 2020 malalar laka daga kwazazzabon kogin Kwango ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 ta yanke kebul ɗin intanet na SAT-3 da WACS, sannan ranar 14 ga Maris, 2024 kebul huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu. Ga wannan gaɓa, abin da ya dace shi ne na'urar leza a kan zaren da ba a amfani da shi a tashoshin kebul na Legas da Akara da Abijan, tare da zagayen na'urori masu batir a gangaren teku, a haɗa bayanan da na tashoshin tudu irin waɗanda cibiyar binciken ƙasa ta Toro a jihar Bauchi ke gudanarwa. Tattaunawar farko da masu kebul ɗin za a yi ta, domin zaren nasu ne, kuma su ne ke biyan kuɗin gyara duk lokacin da laka ta zaftare.